Tashar Wutar da Ke Ƙarƙashin Bonat

A dare na biyar da ɗaukewar wuta, cikin makon ƙarshe na Oktoban 2024, layinmu ya yi baƙi ƙirin in ban da taga ɗaya. Lokacin ne babban layin Shiroro zuwa Kaduna yake kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa, ɗaya layin da ke hawowa daga Ugwuaji ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya faɗi, aka bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu kusan kwana goma. Ƙanƙara ta zama gwal. Masu cajin waya suka ninka kuɗi, kuma duk da haka sai ka bi layi.

Tagar nan mai haske ta maƙwabcina ce, wani malamin makaranta da na tabbata ba shi da janareta. Na fita in ga ikon Allah. Tsohuwar Golf ɗinsa na tsaye a ƙofar gida, bonat a buɗe, inji yana silo. Wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa, sun taso daga kan batir sun shiga wani ɗan akwati da bai wuce girman bulo ba. Daga akwatin wata doguwar waya ta bi ta taga ta shige falo, inda fanka ke juyawa, ƙwai biyu na ci, wayoyin salula kusan goma na kwance a kan tabarma kamar kifin da aka shanya.

"Malam, yau kuma motar ce ta zama Nepa?" na ce masa.

"To ya za a yi, Alhaji? Yara na da jarrabawa gobe."

Abin da Malam ya yi ba sabo ba ne. Tun zamanin da talabijin mai baƙi da fari ta shiga ƙauyuka, da batirin mota ake kallonta, in ya yi sanyi a ɗora shi a bayan keke a kai gari a yi caji, ko a roƙi direban motar kasuwa ya ɗaura shi a motarsa ya je ya dawo. Duk injin da ke yawo a titi ko a ruwa yana ɗauke da 'yar tashar wutarsa. Abin da mutane ba su cika tsayawa su lissafa ba shi ne girman tashar, da kuma wanda aka gina ta dominsa.

Abin da ke cikin altaneta

In kana son ganin tashar da idonka, je rumfar mai wayarin mota ka jira ya kwance altaneta. Abu ne mai girman ƙaramar kankana, jikinsa alminiyam mai huje-huje, fanbel ke juya shi daga inji. In an buɗe, a tsakiya akwai dunƙulen ƙarfe mai haƙora da ke cakume da juna kamar yatsun hannu biyu, a cikinsa an naɗe wayar tagulla. Wannan shi ke juyawa. Wasu 'yan ƙananan kabon guda biyu, masu sifirin a bayansu, suna goga wasu zobba a kan sandarsa, suna ba shi 'yar wuta kaɗan daga batir, sai ya zama maganaɗisu. A kewaye da shi akwai wani naɗin tagulla kashi uku da ba ya motsi. Maganaɗisu na wucewa ta gaban naɗin, wuta na tasowa a cikinsa. Wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Landan a 1831, kuma har yau injinan madatsar Kainji ba su wuce wannan dabarar ba, girma kawai suka fi.

Ka lura da abu ɗaya: sai an ba altaneta wuta kafin ya ba da wuta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ya sa in batir ya mutu murus, ko an tura mota, sau da yawa ba ta kama caji.

Wutar da ke fitowa daga naɗin mai kai-da-komo ce, batir kuwa ba ya karɓar sai mai tafiya hanya ɗaya. Saboda haka akwai diyod, galibi shida, da ke daidaita mata hanya, sannan akwai wata 'yar na'ura mai tsare ƙarfinta a wajen bolt 14, ko inji na silo ko direba ya take totur. Diyod ɗin nan su suka kawo altaneta cikin mota. Kafin su, dainamo ake amfani da shi, wanda in mota na tsaye a cunkoso kusan ba ya cajin komai. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa altaneta a motar kowa da kowa, samfurin Valiant na 1960, daga nan sauran suka bi. Shi kansa kunna mota da kik na lantarki maimakon juya hannu a gaba, Charles Kettering ne ya kawo shi a Cadillac ta 1912. Wanda ya taɓa ganin mai injin niƙa yana fama da hannun tayarwa da sanyin safiya ya san irin wahalar da aka raba direbobi da ita.

Altanetan ƙaramar mota yakan ba da amfiya 70 zuwa 120, na manyan jif ya wuce haka. A takarda, amfiya 100 a kan bolt 14 wat 1,400 ke nan, wato ya fi ƙaramin janaretan Tiger da ke ƙofar kowane shagon aski. A nan mutane ke ruɗuwa. Wannan adadi ba ya samuwa sai inji na gudu kamar ana kan babbar hanya. A silo, da ƙyar a samu rabinsa. Daga rabin nan motar ma za ta ci nata: famfon mai, filogi, ƙwaƙwalwar mota, da fankar lagireto da ke tashi a kai a kai tunda babu iskar tafiya. Abin da ya rage ya bi ta inbata, akwatin nan da ke mai da bolt 12 zuwa 230 irin ta gida, ita ma ta yanki ladanta. A ƙarshe abin da ke isa falo bai cika wuce wat 300 zuwa 500 ba.

Yanzu sai lissafin mai. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9, irin yunit ɗin da mitar kati ke ƙirgawa. Ƙaramar mota a silo takan sha kusan lita a awa guda, ko ƙasa da haka kaɗan. Ke nan lita ɗaya ta ba ka rabin yunit, in ka yi sa'a. Janaretan fetur mai lafiya, in an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, yakan fitar da yunit ɗaya da rabi daga lita. Babban na dizal yakan kai uku. A watan da Malam ya kunna Golf ɗinsa, litar fetur ta haura naira 1,000, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Wato yunit ɗaya ya tsaya masa a sama da naira 2,000, alhali masu wutar layi 'yan rukunin A, da ake ta kukan an tsawwala musu, suna biyan naira 200 da 'yan kai. Hayar tirela ce aka yi don kai buhu ɗaya kasuwa. Injin da aka ƙera don jan mota da mutum biyar, an tsayar da shi yana juya fanka ɗaya da ƙwai biyu, sauran man duk ya tafi a zafi da hayaƙi.

Duk da wannan lissafi, ni ma washegari na sayo inbata. Duhu ba ya barin mutum ya yi lissafi.

Kuskuren farko da na yi shi ne na waya. Inbatar an rubuta mata wat 1,500, amma wayoyin da suka zo a kwalinta ba su fi tsinken tsire kauri ba. Ashe kayan wat 1,000 a ɓangaren bolt 12 suna jan sama da amfiya 90, kuma irin wannan wuta tana son waya mai kaurin ɗan yatsa, gajera, da fis a kusa da kan batir. Ina jona firji, kafin minti biyu na ji ƙaurin roba. Firji ma da kansa mugun abokin tafiya ne a nan, domin a lokacin da kwamfuresa ke tashi yakan fizgi ninki uku ko fiye na abin da yake ci a tafiya. Inbata mai araha kuma wutarta ba sumul take ba, a tsittsinke take fitowa, shi ya sa fanka ke gurnani a kanta. Ramin kunna sigari da wasu ke jona inbata a ciki kuwa, fis ɗinsa amfiya 10 ne zuwa 15. Na cajin waya da kwamfuta ne, ba na dutsen guga ba.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi. Na ce bari in kashe inji in yi tattalin mai, batir ya riƙe mana fanka zuwa asuba. Ya riƙe kuwa. Da safe na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas. Motata otomatik ce, ba ta tashi da turi, haka na tsaya a bakin titi ina tare masu wucewa ko akwai mai wayar jona batir. Batirin mota ɗan tsere ne na gajeren zango: ya ba kik amfiya ɗaruruwa na daƙiƙa biyu ko uku, altaneta ya mayar masa nan take. In aka riƙa tatse shi har ƙasa, faranten dalmar da ke cikinsa sukan lalace, bayan 'yan lokuta ya daina riƙe caji. Batirin sola an yi shi da faranti masu kauri don irin wannan tatsar. Kamanninsu ɗaya, halinsu daban.

Da na kai motar rumfar mai wayarin, sai na tarar ba ni kaɗai ba ne a makon. Altaneta uku na gani a kwance a kan bencinsa, naɗinsu ya yi baƙi. Dalilin a fili yake: fankar da ke sanyaya altaneta a jikin sandarsa take, gudunsu ɗaya. A silo iska kaɗan take ja, kai kuma a lokacin ne kake matsa masa ya ba da iyakar ƙarfinsa, awa huɗu ko biyar, a ƙarƙashin bonat mai zafi. A nan ma zan yi ƙorafi kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a gareji, ta cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. A zamanin Pijo 504 ana iya tsira da wannan. A motar yau mai ƙwaƙwalwa, batir shi ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi tsallen ya faɗa kan na'urorin da kuɗinsu ya ninka na altanetan. Mitar gwaji ta 'yan dubbai ta isa: in ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5 inji na aiki, lafiya lau.

A bakin ruwa

A Yawuri ko Baga labarin ya sha bamban, domin injin da ke rataye a bayan jirgin katako ba shi da altaneta irin na mota. Yamaha Enduro mai doki 40, wanda ya cika waɗannan ruwaye, da igiya ake tayar da shi. A ƙarƙashin murfinsa akwai faifan ƙarfe mai nauyi da maganaɗisu a manne a cikinsa, yana juyawa a kan wasu ƙananan naɗin waya. Ɗaya na ba filogi wuta. In an sa na fitila, shi kuma yana ba da 'yan amfiya kaɗan, abin da bai kai wat 100 ba. Irin tsarin da ke cikin babur ke nan. Wutar tana hawa da sauka da totur, saboda haka wanda ya jona wayarsa kai tsaye ya yi sallama da ita. Sai an bi ta diyod a zuba a ƙaramin batir, sannan a ɗiba daga batirin.

Kaɗan ce, amma a kan ruwa tana da daraja. Ta isa fitilar gaban jirgi, ta isa cajin wayar da masunci zai kira dillali ya ji farashi kafin ya iso gaɓa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta sha nanata haramcin tafiyar dare, amma masunta da dare suke sana'arsu, kuma kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye tun 1968 ba sa kauce wa kowa. Abin da wannan wuta ba za ta taɓa yi ba shi ne abin da masunci ya fi buƙata, wato sanyi. Firiza ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, shi ya sa har gobe banda ce ke ceton kifi. Kuma ba a ɗauko injin jirgi a kawo gida a mai da shi janareta, domin da ruwan kogi yake shan sanyi. In aka tayar da shi a tudu ba a cikin duro ba, robar famfon ruwansa takan ƙone cikin ɗan lokaci.

Inda injin mota ke zama tashar wuta ta gaske shi ne bayan ya rabu da motar. A Panteka ta Kaduna da kewayen Ƙofar Ruwa a Kano za ka ga injin dizal da aka ciro daga motar da ta yi haɗari, an kafa shi a kan dogayen ƙarafa, an haɗa bakinsa da babban kan janareta mai ba da 230 kai tsaye. Masu walda da masu injin tsaga katako sun san shi. Babu abin kunya a ciki, domin manyan janaretocin kamfani ma, masu injin Perkins ko Cummins, 'yan uwan injinan tarakta da manyan motoci ne. Wahalar tana wuri ɗaya. Wutar ƙasashenmu tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma don a samu haka dole kan janareta mai kusurwa huɗu ya juya sau 1,500 a minti, ba ƙari ba ragi. Injin mota kuwa an saba masa da ƙafar direba. In mai walda ya ɗana ƙarfe, nauyi ya hau, inji ya durƙusa, wuta ta yi ƙasa. In ya ɗaga, inji ya zabura, ƙwai ya fashe. Sai an sa masa gwamna, na'urar da ke ƙara mai da rage shi da kanta. Gwanin maƙeri da ɗan koyo, a nan ake bambance su.

Wannan matsalar ce injiniyoyi suka yi fama da ita a garin Boucherville na lardin Kebek a Kanada, a Janairun 1998, lokacin da ruwan ƙanƙara ya karya turakun wuta cikin tsananin hunturu. Kan jirgin ƙasa na dizal asalinsa janareta ne mai ƙafafu, injinsa wuta yake samarwa, wutar ke juya ƙafafun. Sai aka sauke ɗaya na kamfanin CN daga kan dogo, aka tuƙa shi a kan kwalta, ƙafafunsa na tsaga titi, har kusa da ofishin magajin gari. Aka daidaita gudun injin ya dace da sau 60 a daƙiƙa irin tasu, aka jona gine-ginen hukuma. Kafin wannan da shekaru kusan saba'in, fari ya ƙafar da madatsun birnin Tacoma a Amurka, sai rundunar ruwa ta aiko da jirgin yaƙi mai ɗaukar jiragen sama, Lexington, wanda shi ma da lantarki yake juya farfelarsa. Ya tsaya a tashar daga tsakiyar Disambar 1929 zuwa tsakiyar Janairun 1930, ya ba birnin sama da yunit miliyan 4.

Abin da aka yi a Tacoma don larura, yau kasuwa ne. Mutanen Nima da zangon Kumasi a Ghana ba su manta da shekarun dumso ba, wato yawan ɗaukewar wuta. A 2015 kamfanin Karpowership na Turkiyya ya kawo jirgi cike da injina ya ɗaure a Tema, daga baya ya sauya shi da wanda ya fi shi, Osman Khan, mai megawat sama da 400, wanda aka mayar Sekondi a 2019 don ya sha iskar gas. Sai dai tashar da ta zo a kan ruwa makunninta na hannun mai ita. A 2023 kamfanin ya kashe wa Firitawun da Bisau wuta saboda bashi. Mutanen Yamai da Maraɗi, da Nijeriya ta yanke wa layi a Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba sa buƙatar a yi musu bayanin yadda hakan yake.

Masu ƙera motoci ma sun farga. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Maris ɗin 2011 a Japan, an ga amfanin motocin Toyota Estima masu haɗin fetur da lantarki, waɗanda ke da soket mai wat 1,500 a ciki, daga nan kamfanin ya faɗaɗa tsarin zuwa Prius. A Fabrairun 2021, da sanyi ya durƙusar da wutar jihar Texas, masu Ford F-150 mai irin wannan haɗin sun kunna gidajensu da soket ɗin bayanta, mai kaiwa kilowat 7.2. Bambancin da Golf ɗin Malam shi ne waɗannan an gina su da babban janareta da babban batir tun daga masana'anta. Inji ya tashi ya cika batir ya mutu da kansa, ba ya kwana yana silo a banza. Ba kowace mota mai haɗi ke da soket ɗin ba, kuma kuɗin wadda ke da shi zai sayi sola ta gida sukutum har da canji.

Akwai abu biyu da ba na lissafin kuɗi ba ne. Na farko hayaƙi. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin inji, kabon monokisayid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi son ta a kan iskar numfashi sau fiye da 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wato daidai abin da kowa zai ce zazzaɓi ne ke tafe, ya sha magani ya kwanta. Sau nawa muka ji an wayi gari da iyali guda a mace, a yi ta zargin abincin dare, alhali inji ne aka shigar cikin gida don tsoron ɓarayi? Mota ta fi janareta yaudara a nan, domin silonta a hankali yake, ba ya damun mai barci. Akwai abin tace hayaƙi a cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, amma motoci da yawa a nan an fasa an cire musu an sayar. Mota a gareji, ko a zaure, ko salansarta na kallon tagar ɗaki, ko da ƙofa a buɗe take, ba wurin kunna ta ba ne, balle a lokacin hunturu da ake toshe kowace kafa.

Na biyu shi ne masu cusa wayar inbata ko ta janareta a soket ɗin bango don wuta ta zagaya gida, ba tare da sun raba gidan da layin waje ba. Wutar takan fita ta mita ta hau falwaya, taransifoma kuma ba ta san gaba da baya ba: yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa ta gida, haka take iya mayar da ta gida sama. Ma'aikacin da ya hau gyara da tabbacin layi a mace yake, shi zai karɓa. In kuma wuta ta dawo ba zato, inbatar ce za ta tashi da wuta. Makunnin sauya layi bai kai kuɗin rabin tanki ba.

Shi dai Malam, doguwar wayarsa daban ya ja, bai taɓa bango ba, kuma ya juya bayan motar ya kalli titi. Awa biyu yake yi kowane dare, daga bayan isha'i, ya cika wayoyi da fitilun caji da wani tsohon batirin babbar mota da ya ajiye a falo, sannan ya kashe. Daga baya ya ce mini a kwanakin nan ya ƙona man da yakan kai shi makaranta mako biyu.

Ranar da aka dawo da wuta, ihun yara ne ya sanar da mu tun kafin ƙwai ya kama. Da na fito, na same shi a tsugune yana naɗe wayarsa a gwiwar hannu. Ya goge inbatar da tsumma, ya mayar da ita kwalinta, ya buɗe but ya tura ta can ciki, kusa da jak da safayar taya.